Labarin Ƙal'ar Ajluna da Ke Bisa Dutse a Ƙasar Urdun

Ga labarin wani ɗalibi baƙo da ke zaune a birnin Amman domin neman ilmi, wanda ya sami hutu ya tafi ziyarar Ajluna, wani ɗan ƙaramin gari a arewa, tafiyar wajen mil 45 cikin tuddai da gonakin zaitun. Tun kafin mota ta shiga gari ya hangi ƙal'ar bisa ƙololuwar dutse, ta yi wa gidaje rumfa. Larabawa na kiranta Ƙal'atur Rabad.

Wanda ya gina ta shi ne Izzuddini Usama, ɗaya daga cikin sarakunan yaƙin Salahuddini Ayyubi, a shekara ta 580 ta Hijira, watau 1184. A zamanin nan mayaƙan Turai suna riƙe da Ƙudus, suna kuwa da tasu ƙal'a a ƙetaren kogin Urdun, mai suna Kaukabul Hawa. Aka gina ta Ajluna domin ta tsare kwazazzaban da ke gangarawa kogin, da ramukan tama na ƙasar, da hanyar ayari tsakanin Dimashƙa da Masar.

Da ɗalibin ya hau, sai ya tarar da gwalalo wanda aka sassaƙa cikin dutse, faɗinsa wajen ƙafa 50. Ya haye gada, ya shiga zaure bayan zaure, ya ga tagogi 'yan sirara inda maharba ke sakin kibau, da rijiyoyin tara ruwan sama domin ranar da aka kewaye su. Daga bisa hasumiya kuwa ya ga kwarin Urdun shimfiɗe, har duwatsun Falasɗinu. A nan ne ake hura wuta da dare, a saki tattabaru da rana, labari ya bi zango zango daga kogin Furatu har Alƙahira.

Amma ƙarfin ƙal'a bai hana ta wahala ba. An ƙara mata hasumiya a 1214, sa'an nan rundunar Tatar ta ɓata ta a 1260, Sarki Baibaras na Masar ya gyara. Daga baya girgizar ƙasa ta 1837 da ta 1927 suka rushe wani sashinta. Masu takubba sun shuɗe, abin da ya saura sai masu tsaron ƙofa da baƙi masu kallo.

Da ya sauko gari, sai ya iske kasuwa tana ci, ana awon man zaitun, babban masallacin da aka gina a 1247 yana nan ana salla cikinsa. A nan ya gane abin da aka yi wa wannan wahalar sassaƙa dutse. An ɗora ƙal'a a bisa domin na ƙasa ya yi noma, ya yi ciniki, ya yi karatu, ayari ya kwana cikin aminci. Kowane madugu ya san cewa in hanya ta ɓaci, kaya ba su isa kasuwa, malami ba ya samun takarda.

Wanda duk Allah ya kai shi Urdun, ya ware yini guda ya hau dutsen nan, ya kuma sauko ya zaga kasuwar. Iyakar labari ke nan. Wassalamu.