Ko ka san abin da ya sa gwiwarka ke tokarar kujerar gaba a jirgin sama?

Duk wanda ya taɓa tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Alƙahira, ɗalibin Azhar ne, mai neman magani ne ko mai wucewa Umara, ya san yadda ƙafa ke sagewa kafin a sauka. Wasu kan ɗauka masu ƙera jirgi ne suka yi rowar wuri. Alhali Boeing da Airbus gangar jiki suke ƙerawa, kamfanin da ya saya shi ke faɗin kujera nawa za a jera a ciki.

Ɗauki Boeing 737-800. A cikin irinsa da kamfanin EgyptAir na Masar ke da su akwai masu kujeru 154, 16 daga ciki na sashen manya ne da ke gaba. Shi wannan jirgin dai, kamfanin Ryanair na Turai mai tikitin araha kujeru 189 yake zuba masa, duka iri ɗaya. Tsawon jirgin bai ƙaru ba, albashin matuƙa da kuɗin sauka a fili ma kusan ɗaya ne, man da zai sha kuwa ɗan kaɗan zai ɗara. Sai dai an sami ƙarin mutum 35 da za a raba wa kuɗin tafiyar, kowa nasa ya ragu. Lissafin direban tasha ne: mutum huɗu a baya, biyu a gaba, mai son sakewa ya biya kuɗin mutum biyu.

Ma'aunin da kamfanoni ke kallo shi ne tazarar da ke tsakanin layi da layi. A sashen talakawa takan kama daga inci 28 zuwa 32. Inci ɗaya ba komai ba ne a ido, amma idan aka zaftare shi daga layi 30, an sami wurin sabon layi mai kujeru shida. Don haka ne ma ake ta rage kaurin katifar kujerun, ga wuri ya samu, ga nauyi ya ragu.

Faɗi ma bai tsira ba. Boeing 787, wanda EgyptAir ya fara karɓa a 2019, ana iya jera masa kujeru takwas a layi, amma kusan kowa tara yake sawa. Japan Airlines na cikin ƙalilan da suka tsaya a takwas a jiragensu masu dogon zango.

To me ya hana wani kamfani ya saki wuri ya kwashe fasinja? An gwada. A shekarar 2000 American Airlines ya ciccire kujeru daga jiragensa don kowa ya miƙe ƙafa, ya yi ta talla a kai. 'Yan shekaru kaɗan sai ga shi yana mayar da su, domin da mutane sun zo yankar tikiti, mafi araha suke bi. A ganina nan gizo ke saƙar: muna ƙorafi a cikin jirgi, amma a gaban ejan farashi kawai muke tambaya. EgyptAir, wanda aka kafa tun 1932, shi ma yana da hannun jari a Air Cairo mai sauƙin kuɗi, don kada irin waɗannan fasinjoji su kuɓuce masa.

Cunkoson yana da iyaka. Kafin a amince da yawan kujerun kowane irin babban jirgin fasinja, sai an nuna cewa kowa zai iya ficewa cikin daƙiƙa 90, rabin ƙofofi a rufe. Shi ya sa layin da ke kusa da ƙofar gaggawa ya fi sauran fili, kamfanoni da yawa kuma har kuɗi suke karɓa a kansa. Amma ba a ba yara, ko marar lafiya, ko tsohon da ba zai iya buɗe ƙofar ba. Mai raka majinyaci Alƙahira gara ya nema masa kujerar gefen hanya tun wajen yankar tikiti, yadda zai riƙa tashi yana ɗan takawa saboda jini ya zagaya.