Ciwon Dajin Hanta: Wa Ake Yi Wa Dashe?

Jama'a, a ƙauyukanmu na Bichi da Dambatta da Kunchi da Tsanyawa mun sha ganin magidanci mai ƙarfi ya fara rama, cikinsa yana kumbura, idonsa ya yi rawaya. Wasu su ce shawara ce, wasu su ce sammu ne. Sau da yawa kuwa ciwon daji ne ya kama hantarsa. Idan an kai shi asibiti a Kano, 'yan'uwa sukan tambayi likita: "Ba a iya canza masa hantar ne?"

Ana iyawa. Shi ne ake kira dashen hanta. A cire hantar da ta lalace, a sa lafiyayya. Wani likita mai suna Thomas Starzl ne ya fara gwada shi a Amurka a 1963, ya kuma ci nasara a 1967. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda a 2002, amma dashen hanta ya fi na ƙoda wuya da tsada. Masu nemansa daga Nijeriya galibi Indiya ko Masar suke tafiya. Ko a can ɗin ma, ba kowane maras lafiya ake yi wa ba. Sai an zaɓa.

Me ya sa ake zaɓe? Da fari dai hantar da za a dasa ba ta da yawa. Sannan wanda aka yi wa dashe zai riƙa shan magani har iyakar ransa, don kada jikinsa ya ƙi baƙuwar hanta. Wannan magani yana rage wa jiki ƙarfin faɗa da cuta. To idan akwai ɓurɓushin daji da ya saura a wani wuri, sai ya sami fili ya yi ta yaɗo. An yi asarar kuɗi, an yi asarar hanta, maras lafiya kuma bai tsira ba.

A 1996 wani likita a birnin Milan na ƙasar Italiya, Vincenzo Mazzaferro, shi da abokan aikinsa suka fito da ma'aunin da ake amfani da shi har yau. Idan ƙari ɗaya ne a hanta, kada ya wuce santimita 5, wato kamar ƙwan zabuwa. Idan sun fi ɗaya, kada su wuce uku, kuma kowanne kada ya wuce santimita 3, kamar ƙaramin goro. Kada dajin ya shiga manyan jijiyoyin jini na hanta. Kada kuma ya tsallaka zuwa huhu ko ƙashi ko wani wuri. Cikin waɗanda suka yi wa dashe, wajen uku cikin huɗu suna raye bayan shekara 4. Idan ƙarin ya ɗan zarce ma'auni, likitoci kan fara ƙona shi ko su toshe jijiyar da ke kai masa jini. In ya ragu, sai a sake duba maganar dashe.

Ana kuma duba mutumin kansa. Zuciyarsa da huhunsa za su jure aikin awowi da yawa? Zai iya samun maganin nan kullum ba fashi? In mai shan giya ne, ya daina?

Sai mai bayarwa. Allah ya yi hanta da wata baiwa: idan an yanki wani ɓangare nata, takan sake tofowa cikin 'yan watanni. Saboda haka ɗan'uwa mai rai zai iya ba da ɓangaren tasa, muddin baligi ne, lafiyayye, jininsu ya dace, kuma da yardarsa. Aikin yana da haɗari a gare shi shi ma. Sayar da sassan jiki kuwa laifi ne a Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014. Duk dillalin da ya ce zai sayo muku hanta, ku guje shi.

Abin baƙin cikin shi ne yawancin mutanenmu sukan isa asibiti bayan ƙari ya wuce ma'aunin nan nesa ba kusa ba. Ciwon ba ya nuna kansa da wuri. Kafin ciki ya kumbura, ya riga ya ci gari. A nan ne wasu ke sayar da gona da shanun huɗa don tafiyar da ba za ta yi amfani ba. Kafin a taɓa gona, a nemi likitan hanta ya faɗi girman ƙarin da adadinsa, da ko ya yaɗu.

Babban tushen wannan ciwo a ƙasarmu shi ne ƙwayar cutar hanta da ake kira hafatayitis B. Jariri kan ɗauka daga uwa wajen haihuwa. Ana kuma ɗauka ta jini, misali askar wanzami ko reza ko allurar da aka yi wa wani amfani da ita. Tun 2004 rigakafinta yake cikin alluran yara a Nijeriya, kuma ta farko ana so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa. Na biyu shi ne dafin fumfunar da ke kama gyaɗa da masarar da ba su bushe sosai ba. A shanya su da kyau a kan tabarma ko leda, a tsince ruɓaɓɓu, kada a yi ƙuli-ƙuli da su.

Wanda gwajin jini ya nuna yana da hafatayitis B, akwai maganin da ke danne ƙwayar idan likita ya ga ya dace. Masu haɗarin kamuwa da daji kuma ana yi musu hoton ciki duk bayan wata 6. Ƙarin da aka gano yana ƙarami, sau da yawa ana iya yanke shi ko a ƙona shi ba tare da an kai ga dashe ba.