Doguwar Kalmar Turanci: Fara Duba Wutsiyarta

Wanda ya taɓa zama wurin difens na furojet a nan Nuhu Bamalli ya san yadda abin yake. Ɗalibi ya yi aikinsa tsaf, ya san abin da ya rubuta, amma da ya iso kan kalma irin telecommunication sai harshe ya sarƙe, murya ta yi ƙasa, malamai su fara kallon juna. Alhali kalmar guntaye ce aka jona.

Mu Hausawa harshenmu ba ya fara kalma da baƙaƙe biyu a jere, sai mun cusa wasali a tsakani. Shi ya sa mai shayin Tudun Wada yake sayar da burodi, bakanike kuma ya ce a miƙo masa sukuddireba. Kuma karin sauti muke bi, kowace gaɓa mu ba ta haƙƙinta. Bature ba haka yake yi ba: gaɓa ɗaya yake dannawa da ƙarfi, sauran ya bi ta kansu da sauri, har wasalinsu ya kusa ɓacewa. In ka danna inda bai dace ba, ko duk haruffan sun fita, mai sauraro sai ya yi jim kafin ya gane.

To ina za ka danna? Duba ɗafa-ƙeya. Kalmar da ta ƙare da -tion, -ian, -ic ko -ity, nauyin yana kan gaɓar da ke daf da wannan wutsiyar. 'Yan lantarki, ga taku: eLECtric, amma elecTRIcity da elecTRIcian. Tushe ɗaya ne, wutsiya ce ta janye nauyin. Haka accountaBIlity, gaɓa 6, da telecommuniCAtion, gaɓa 7. Ita kuwa -eer kanta take jawo nauyin: engiNEER. Akwai masu taurin kai, ba shakka. Arabic da politics a gaɓar farko ake danna su, kuma yawancinmu kuskure muke yi a nan.

Kafin difens, fitar da dogayen kalmomin babinka, ka ƙirga gaɓoɓinsu da yatsu, wasali ɗaya da kunne ya ji gaɓa ɗaya. Sannan buɗe ƙamus na Oxford a wayarka: ɗan layin nan da ke tsaye a sama, gaɓar da ke biye da shi ita ake dannawa. Ka faɗa wa abokin ɗakinka da babbar murya, ko da zai yi maka dariya.