Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo: Yadda Ya Kamata a Gina Manhaja a Zamfara

A farkon Satumban 2021 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe layukansu a duk faɗin Zamfara, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana da masu kai musu rahoto. An ce mako biyu ne, abin ya zarce haka nesa ba kusa ba. Mai POS a Tsafe ya wayi gari da na'ura a hannu wadda ba ta da maraba da dutse, banki a Gusau ya koma wurin zaman jira. Na'urorin lafiyarsu ƙalau. Waɗanda suka rubuta manhajar cikinsu ne suka gina ta a kan zaton cewa sabis ba ya yankewa, kuma wannan zaton ya shiga aikin tun ranar farko.

Masu sana'ar suna cewa manhaja tana da rayuwa mai matakai: a tattara buƙatun masu amfani da ita, a zana tsarinta, a rubuta ta, a gwada, a miƙa, sannan a ci gaba da gyara har ranar da za a yi watsi da ita. Babu gardama a kan matakan, rigimar tana kan yadda za a jera su. Tsohon salo shi ne na gangarar ruwa, inda ba a taɓa mataki na biyu sai an rufe na farko, kamar yadda ruwa ba ya komawa tudu. Ana danganta shi da wata muƙala da injiniya Winston Royce ya rubuta a 1970, ko da yake shi kansa ya yi gargaɗi a cikinta cewa bin wannan layi ba tare da waiwaye ba kasada ce, domin gwaji yana zuwa a ƙarshe, lokacin da gyara ya fi tsada. Wannan salon ne ya dace da yadda ake ba da kwangila a ƙasar nan: a rubuta takarda, a sa hannu, ɗan kwangila ya ɓace wata goma, ya dawo ranar yanka ƙyalle.

A Fabrairun 2001 wasu masu rubuta manhaja su 17 suka haɗu a Snowbird da ke jihar Utah ta Amurka, suka fitar da sanarwar salon da ake kira Ajayil, wato gini kaɗan-kaɗan. Ina ganin shi ya fi dacewa da Zamfara. A ɗauki ƙaramin asibiti a Bungudu da ake son mayar da rajistar marasa lafiya cikin kwamfuta. A mako biyun farko a gina shafin rubuta suna kawai, a ɗora a wayar ma'aikaciyar da ke karɓar kati, a tsaya a bayanta a kalla. Nan take za a ga cewa tsohuwar da ta zo daga ƙauye ba ta riƙe ranar haihuwarta ba, alhali manhajar ta ƙi wucewa sai an cike gurbin. Cewa Aisha Abubakar biyar ne a layi ɗaya. Cewa caji yana ƙarewa kafin azahar. Cewa dole bayanan su zauna a cikin wayar har sabis ya dawo. Babu wanda zai tuna ya rubuta waɗannan a takardar kwangila yana zaune a ofis a Abuja. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Masu adawa suna da hujja mai nauyi. Kuɗin gwamnati amana ne, dokar sayen kayan gwamnati tana son a san farashi da iyakar aiki tun farko, kuma "muna kan gyara" na iya zama mafakar ɗan kwangilar da ba ya son gamawa. Amma a salon kaɗan-kaɗan ana iya ɗaure biyan kuɗi da abin da ya yi aiki a gaban ido kowane wata, wanda ya gaza a sallame shi an yi asarar wata ɗaya maimakon shekara. Suna kuma cewa yawan taɓa manhaja yana jawo ɓarna, kuma gaskiya ne: a Mayun 2025 shugaban hukumar jarrabawa ta JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya amsa cewa gyaran da bai isa wasu na'urori ba ya shafi sakamakon ɗalibai kusan 380,000 a Legas da Kudu maso Gabas. Wannan yana nuna cewa kowane gyara, komai ƙanƙantarsa, sai an gwada shi a duk inda zai sauka. Akwai ma ayyukan da tsari mai tsauri ya fi dacewa da su, irin lissafin albashi da fansho, inda ƙa'idojin a rubuce suke kuma ba sa yawan canzawa.

Babban cikas shi ne hanya. Salon kaɗan-kaɗan yana buƙatar mai gini ya riƙa zuwa wurin mai amfani, kuma ba kowane injiniya ne zai yarda ya bi titin Funtuwa zuwa Gusau duk bayan mako biyu ba. Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, tana yaye matasa masu ilimin kwamfuta da suke jin Hausar ma'aikaciyar nan, suna kuma iya isa Bungudu su dawo kafin la'asar. Kwangilar da ta tanadi a ɗauke su cikin ayarin masu gini da gwaji tun mako na farko za ta fi arha, kuma ranar da manhajar ta tsaya, mai gyaranta yana cikin gari.