Ma'anar Gaisuwa da Hanyoyin Nuna Ƙauna a Ƙasar Zamfara

Gabatarwa

Kowace al'umma tana da hanyar da take bi wajen bayyana ƙauna. Alal misali, mutanen tsibiran Hawayi da ke tekun Fasifik suna da kalmar "aloha", wadda suke amfani da ita wajen maraba da bankwana, kuma tana nufin so da tausayi. Shi kuwa Bahaushe bai tara waɗannan ma'anoni a kalma guda ba. Kunya ta hana shi furta so a fili, don haka sai ya saƙa shi a cikin gaisuwa da laƙabi da barkwanci. Za a ga haka a Gusau da Tsafe da Bunguɗu ta Jihar Zamfara, wadda aka ƙirƙiro daga Jihar Sakkwato a shekarar 1996.

Ma'anar Kalmomin Gaisuwa

Kalmar "lafiya" da "barka" duk an aro su daga Larabci, ta farko tana nufin ƙoshin jiki da kwanciyar hankali, ta biyu kuma albarka. Ke nan gaisuwar Bahaushe tambaya ce haɗe da addu'a. Idan an ce "Ina kwana?" sai Bazamfare ya amsa da "Lahiya lau", domin a karin harshen yamma /f/ takan koma /h/. Daga nan sai a tambayi gajiya da gida da aiki. Da damina akan ce "Ina ruwa?" a amsa da "Ruwa sun yi gyara", ko da kuwa sun yi ɓarna, saboda ba a kushe rahamar Allah. Hare-haren 'yan bindiga da ƙauyukan yankin suka sha sun ƙara wa tambayar kwana nauyi, domin mai yin ta yana son ya ji amsar da gaske.

Gaisuwar Girmamawa

Ƙarami shi ke fara gai da babba, yakan kuma durƙusa. Malami ana ce masa "Allah shi gafarta Malam". A fadar Sarkin Katsinan Gusau ko 'Yandoton Tsafe ko Sarkin Fulanin Bunguɗu kuwa, sai an tuɓe takalmi an faɗi a ce "Ranka shi daɗe", fadawa su amsa a madadin sarki.

Hanyoyin Nuna Ƙauna

1. Alkunya: Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta kuma yi masa wasa a gaban mutane. Haka mace takan sakaya sunan mijinta ta ce "Maigida" ko "Malam". Wannan kawaici ne, ba ƙiyayya ba.

2. Laƙabi: Sunaye irin su Auta da Shalele suna nuna matsayin yaro a zuciyar iyayensa.

3. Barkwanci: Kaka mace takan kira jikanta "angona", namiji kuma ya kira jikanyarsa "amaryata". Taubasai ma sukan yi wa juna ba'a.

4. Ziyara da kyauta: Barka da jaje da ta'aziyya da tsaraba da toshi duk saƙon zuciya ne, shi ya sa ake cewa zumunta a ƙafa take.

Kalmomi irin su "masoyiyata" da "rabin raina" sun yawaita ne a bakin matasa bayan yaɗuwar littattafan soyayya daga shekarun 1980 da finafinan Hausa daga shekarun 1990.

Kammalawa

Wajibi ne malami ya koyar da ma'anar gaisuwa, ba haddar kalmominta kawai ba. Idan ɗalibi ya ce "lahiya", kada a ce ya yi kuskure, a nuna masa cewa "lafiya" ake rubutawa a daidaitacciyar Hausa. Yaron da aka kunyata a kan harshen gidansu yakan daina buɗe baki a aji.

Aiki

Kawo gaisuwa biyar na garinku tare da amsoshinsu, sannan ka bayyana ma'anar kowace.