Zamiyar mota: daga allo zuwa titin Dogon Dutsi

Mai karatu, in ka tarar da ɗanka ya ƙura wa allo ido, mota tana zamiya a kwana tana tayar da hayaƙi, to abin da ake kira «drift» ke nan. Asalinsa ƙasar Japan, inda direba Keiichi Tsuchiya ya yi suna da shi ta wani kaset na 1987. Wasannin bidiyo irin su Need for Speed Underground na 2003 suka kai shi hannun yaranmu.

Dabarar ita ce direba ya sa tayoyin baya su sulɓe da gangan, sannan ya murɗa sitiyari wajen da bayan motar ya nufa, yana ba ta wuta da awo.

A allo, wanda ya kifar da mota maɓalli yake dannawa ya sake farawa. Amma hanyar RN1 da ta ratsa Dogon Dutsi, tsakanin Dosso da Birnin Ƙonni, manyan motoci da amalanke da ƴan makaranta ne ke bin ta. Saboda haka, ranar kai amarya, maigida ya dubi wanda zai miƙa wa makulli. Mota ana sake saye. Rai kuwa babu shi a kasuwa.