Tsufan Aiki da Ɓarnar Gyara: Yadda Amfani ke Sauya Darajar Wuƙaƙe da Takubban Gado a Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi abin da ke faruwa ga farashin tsohuwar wuƙa ko takobi idan aka ci gaba da aiki da su, ko aka yi musu gyara kafin a kai su kasuwa. An ɗora bayanin a kan ƙasar Birnin Kudu da Gwaram ta kudancin Jihar Jigawa. Maƙalar ta nuna cewa ba amfani ne kaɗai ke karya darajar irin waɗannan kaya ba. Sau da yawa hannun da ya zo gyara ya fi hannun da ya yi aiki ɓarna.

1.0 Gabatarwa

Idan aka zo rabon gado a gidan da ya gaji sarauta ko farauta ko ƙira, ba wuya a fito da takobi ko wuƙar damtse daga ƙarƙashin gado ko cikin adaka. Gona da shanu kowa ya san yadda ake ƙiyasta su. Ƙarfen da tsatsa ta rufe kuwa, nan ne hankula ke rabuwa. Wani magajin zai ce a kai wa mai injin washi ya fito da haskensa don ya yi kuɗi, wani ya ce a bar shi yadda yake, wani kuma ya ga bai wuce a ɗora shi a kan sikelin 'yan gwangwan ba. Tunda makami yana cikin tarikar mamaci kamar sauran dukiya, kuskure wajen ƙiyasta shi tauye haƙƙin marayu ne, ba wai asarar kayan tarihi kaɗai ba.

Masanin nan Igor Kopytoff, a rubutunsa na 1986, ya jawo hankalin manazarta ga cewa kaya ma suna da tarihin rayuwa irin na mutane: ana ƙera su, su shiga kasuwa, su fita daga cikinta su zama kayan gida ko na alfarma, wata rana kuma su koma. Wannan mahanga ta dace da takobin Bahaushe ƙwarai, domin a jikinsa ake karanta zangunan da ya bi.

2.0 Asalin Makaman Yankin

Kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta, 1991, Birnin Kudu da Gwaram suna cikin Jihar Kano, kuma a ƙarni na 19 suna bakin iyakar masarautar Kano ta kudu maso gabas. Wannan matsayi ya sa su fuskantar hare-haren Ningawa, musamman a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi. Mutumin da ke zaune a irin wannan wuri ba don ado yake rataya takobi ba. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 yaƙi ya kwanta, takobi ya koma abin hawan Salla da naɗin sarauta, wuƙa kuma ta ci gaba da hidimarta a hannun mahauta da mafarauta da 'yan tauri.

Ruwan takubban nan ba daga tushe ɗaya ya fito ba. Akwai wanda maƙeran baƙi suka ƙera da ƙarfen tama. Akwai wanda ya ƙetaro Sahara: Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya ba da labarin ruwan takubba masu yawa da ake shigowa da su, galibi ƙirar Solingen ta ƙasar Jamus, a yi musu ƙota da kube a Kano. Daga baya kuma sifirin ɗin mota da sauran tarkacen ƙarfe suka maye gurbin tama a maƙera, sauyin da Philip Jaggar ya bi diddiginsa a littafinsa kan maƙeran birnin Kano na 1994. Saboda haka takubba uku za su iya kama da juna a ido alhali tsakaninsu akwai shekaru ɗari ko fiye. Abin da ke rarrabe su shi ne 'yan alamomin da ke jikin ruwan: kwarmin da aka ja a tsakiya, tambarin maƙeri, hoton jinjirin wata guda biyu da ake yawan gani a takubban Abzinawa da na Hausa, ko rubutun Larabci. Lloyd Cabot Briggs ya yi nazarin irin waɗannan tambura a 1965, kamar yadda A. D. H. Bivar ya yi a kan makaman fadojin Arewa a 1964. A nan ne batun amfani ya shigo, domin waɗannan alamomi ba su da zurfi, kuma su ne farkon abin da washi ke lashewa.

3.0 Mai Saye Shi ke Yanke Hukunci

Ba a iya cewa amfani ya rage daraja ko ya ƙara sai an san wa ake sayar wa. Mahaucin da ya je kasuwar Sara neman wuƙa ba ruwansa da wanda ya ƙera ta. Zai gwada kaifin a farce, ya duba ko ƙotar tana girgiɗi, ya duba nawa ya rage na ruwan. A wurinsa kowane washi ragi ne, domin wuƙar da ta sirance kwananta ya ƙare. Mai neman takobin hawa shi kuma ido yake saye: kube mai sabon jima, hamila mai tuntu, ƙota mai walƙiya. Tsohon kuben da ya tsage aibi ne a gare shi, ko da kuwa ɗinkin wani gwanin baduku ne na zamanin da.

Dillalin kayan tarihi, irin waɗanda aka sani a Kasuwar Kurmi ta Kano, lissafinsa ya juya wa waɗannan biyun baya. Abin da yake saye shi ne shaida. Yana son ya ga ƙotar da tafin hannu ya goge har ta yi santsi, da bakin da washin dutse na shekaru ya ɗan shigar ciki, da baƙin da ƙarfe ke yi idan ya daɗe. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana, kuma a wannan kasuwa maganar ta tabbata.

Yana da kyau a bambanta wannan da abin da ake gani a Amurka da Turai game da wuƙaƙen masana'anta irin su Case ko Randall, waɗanda wasu ke tarawa don sha'awa. A can, wuƙar da ba a taɓa wasawa ba, tana cikin kwalinta da takardunta, ita ce kan gaba a farashi, kuma yanka ɗaya da zai bar zane a jikinta ya isa ya sauke ta daga wannan mataki. Dalili shi ne an yi irinta da yawa, don haka abin da ke wuyar samu shi ne sabuntar. Takobin ƙasar Gwaram kuwa ba shi da kwali, ba shi da lamba. Wanda ya fito fes kamar jiya aka sauke shi daga uwar maƙera, zargi yake jawowa, ba ƙarin kuɗi ba. Wanda ya ɗauko ƙa'idar can ya ɗora a nan zai yi kuskure ta fuska biyu: zai raina abin da ya kamata ya riƙe, kuma zai biya kuɗi mai yawa a kan ƙirar bara.

4.0 Tsufan Aiki da Ɓarnar Gyara

Harshen Hausa yana da kalmomi da dama na lalacewar ƙarfe: ya dakushe, ya yi giɓi, ya lanƙwashe, ya cinye, ya yi tsatsa. Amma ba duka ne ke da nauyi ɗaya a wurin mai saye ba. Dakushewa ba komai ba ce. Ɗan giɓi a bakin takobi ma wani lokaci ado ne, ko da yake a ra'ayina an cika gaggawar danganta kowane giɓi da fagen fama, alhali saran itace da wasan yara sun fi yaƙi yawan barin tabo.

Tsatsa iri biyu ce, kuma rashin bambanta su ya jawo asara mai yawa. Akwai ja, mai gari, wadda ke ci gaba da cin ƙarfe tana huda shi matuƙar akwai laima. Akwai kuma baƙa, wadda ta zauna daram ta zama kamar fata a jikin ƙarfen. Ta farko ciwo ce da ke bukatar a tsayar da ita da ɗan mai da tsumma mai laushi. Ta biyu kuwa shekaru ne suka gina ta, kuma ba a iya mayar da ita idan an kankare. Masu tara takubban Japan sun kai wannan fahimta matuƙa: ba sa taɓa tsatsar da ke kan gindin ruwan da ke shiga cikin ƙota, domin da launinta ake kimanta shekarun takobin, kuma goge ta na zubar da farashinsa ƙwarai.

Injin washi ya fi komai ɓarna. Dutsen washi na hannu a hankali yake ci, yana bin siffar da maƙeri ya bari. Inji kuwa cikin 'yan mintoci zai share tambari, ya daidaita kwarmi da sauran jiki, ya bar zane-zane masu gicciye da duk mai ido zai gane. Bayan wannan, zafin gogayya yana iya kashe taurin da maƙeri ya ba ƙarfen lokacin da ya tsoma shi a ruwa ko mai yana ja wur. Alamar haka ita ce shuɗin da ke bayyana a bakin. Sai a wayi gari takobin ya rasa mai sayen tarihi saboda shaida ta tafi, ya kuma rasa mai sayen aiki saboda kaifi ba ya zama. Garin neman gira an rasa ido.

Wani nau'in amfani da ba a cika lura da shi ba shi ne fito da wuƙar kaka ranar layya don neman albarka. Niyyar kyakkyawa ce, amma jini yana da gishiri da laima, kuma idan aka mayar da wuƙar kube ba a wanke ta an tsane ta ba, kafin wata Sallar ta yi ramuka. Kuben fata kansa yana riƙe laima da damina, kuma sinadarin bagaruwar da aka jeme fatar da shi yana baƙanta ƙarfe idan sun haɗu da danshi.

Sauya kube da ƙota ya fi wuyar yanke hukunci. A al'adance ruwan takobi yana cinye kube da yawa a rayuwarsa, kuma ba wanda ya ɗauki sabunta su a matsayin ha'inci. Ai a Kano ma aka yi wa ruwan Solingen sutura tun farko. Saboda haka tsohon ruwa cikin kuben da bai kai shi shekaru ba abu ne da aka saba gani. Inda asara take shi ne a yar da tsohon bayan an ɗinka sabo. Gidan da ke hawa da takobin gado zai iya yi masa sabon kube don Salla, ya naɗe tsohon ya adana, ranar sayarwa ko ƙiyasi a gabatar da su tare.

Tunda tsufa ya zama abin sayarwa, ba mamaki an sami masu ƙirƙirar sa, ta hanyar binne sabon ƙarfe a ƙasa mai laima ko shafa masa ruwa mai cin ƙarfe. Ana gane wannan da cewa tsufan gaskiya ba ya bin jiki bai ɗaya. Yana taruwa inda hannu ke kamawa, da inda ruwan ke gogar bakin kube, da gefen da mai shi ya saba wasawa. Mutanen Birnin Kudu suna da babban misali a ƙofar gida. Duwatsun kiɗan da Bernard Fagg ya bayyana wa duniyar ilimi a tsakiyar shekarun 1950, kusa da zanen shanu na Dutsen Mesa da Dutsen Habude, ba a gane su da komai ba sai da 'yan ramukan da dukan hannuwa ya bari a daidai wuraren da ke ba da amo. Da wani zai zo ya daidaita waɗannan ramuka don dutsen ya yi kyau, da ya mayar da shi dutse kawai.

5.0 Labari da Doka

Abin da ya fi ƙarfen kansa tsada shi ne sanin hannuwan da ya bi. Gajere, takobin da ake dangantawa da Korau a Katsina, da wanda ake dangantawa da Bayajidda a Daura, darajarsu ba ta rataya ga kaifi ba, kuma ba kayan kasuwa ba ne. A ƙaramin mataki haka abin yake ga takobin wani dagaci ko sarkin baka: muddin ana iya cewa wane ya riƙe shi, ya bar wa wane, amfanin da aka yi da shi ya zama sashen labarin. Da zarar ya bi hannun dillalai biyu ko uku, sunayen sun zube a hanya, giɓin da ke da ma'ana ya koma giɓi kawai. Nan akwai aiki ga ɗaliban sassan Hausa da ke neman batun kundi: a rubuta sunan kowane makami, da kirarinsa in yana da shi, da jerin waɗanda suka gaje shi, tun dattawan da suka sani suna raye.

Sannan mai kaya ba shi da wuƙa da nama a kan kowane irin ciniki. Doka mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, ta sanya makamin da aka ƙera a gida kafin 1918 cikin kayan tarihi, haka ma wanda ke da muhimmancin tarihi kuma aka yi amfani da shi a bikin gargajiya. Ta hana sayar da irinsu ga wanda ba wakilin da hukumar ta amince da shi ba, ta kuma hana fitar da su ƙasar waje ba tare da izini ba. Abin lura a nan shi ne, a idon doka, hawan Salla da aka yi da takobi na iya zama dalilin shigar da shi wannan rukuni ko da bai kai waɗancan shekaru ba. Hukumar tana da cibiya a Birnin Kudu saboda zanen duwatsun, kuma Gidan Makama na Kano yana ƙarƙashinta, don haka magadan da suka fito da irin wannan ƙarfe suna da inda za su kai shi a duba kafin ya isa gaban mai inji.